Hannun Mai Zane: Baiwa Ce Ko Yau da Gobe?

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, 'yar ƙanwata mai shekara 10 ta zo gidanmu ta yi mana kwana biyu. Wata rana bayan la'asar na tarar da ita a tsakar gida, ta tasa butar alwala a gaba, fensir a hannu, littafin rubutu a kan cinya, tana fama da aikin da aka ba su a makaranta na zana wani abu daga kayan gida. Ta zana ta goge, ta sake zanawa ta sake gogewa, har takardar ta yi baƙi ta kusa hujewa, daga ƙarshe ta yage shafin ta dunƙule shi a tafin hannunta. Da na tambaye ta abin da ya faru, sai ta ce mini, idonta cike da ƙwalla, "Kawu, ni ba ni da baiwar zane. An ce mana abin a jini yake, wanda bai taso da shi ba ba zai iya ba."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai, domin ni ma na faɗe ta ina kamar shekarunta, kuma na yarda da ita fiye da shekara 20 ban taɓa tsayawa na bincika ko gaskiya ce ba. A ajinmu na firamare akwai wani yaro da duk makaranta ta san shi da zane. Idan malami ya ce a zana taswira ko doki ko furen tumatir, kafin mu gama fiƙe fensir shi ya kammala nasa, sauran yara kuma su yi layi a gabansa da littattafansu suna roƙo. Malamai da ɗalibai bakinmu ɗaya a kansa, cewa Allah ne ya ba shi, kuma a fahimtarmu ta wancan lokaci wannan yana nufin mu an hana mu, babu amfanin mu wahalar da kanmu.

Sai da muka shiga aji 6 na fara zuwa gidansu, a can cikin gari. Mahaifinsa mai zanen riguna ne, wato shi ake kai wa babbar riga ya fitar da zanen aikin a jikin yadi kafin maɗinka su bi da zare. Na same shi a zaure ya shimfiɗa shadda a kan wani faffaɗan katako, yana fitar da aska takwas da tambari ba tare da ya duba wani samfuri ba, hannunsa na tafiya a natse kamar mai rubuta sunansa. A gefensa kuwa ga abokina durƙushe, an ba shi ƙyallen da ya saura, yana kwaikwayon dagi. Dattijon ya leƙa, ya sa yatsa a wata kusurwa ya ce, "Nan ta fi waccan faɗi, sake." Yaron ya sake har sau huɗu a gabana, ba a yabe shi ba, ba a kuma tsawata masa ba. Bangon zauren daga ƙasa zuwa iyakar tsayin ƙaramin yaro duk zanen gawayi ne, wani kan wani, na shekara da shekaru. A ranar ban fahimci abin da na gani ba, sai da na girma na gane cewa lokacin da muke kokawa da fensir a darasin zane na minti 30 a mako, shi ya riga ya shafe shekara shida ko bakwai yana zane kullum a ƙarƙashin idon gwani.

Mutane za su ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a sana'o'inmu na gargajiya ana girmama ɗan gado fiye da wanda ya yi haye. Amma kalmar gado ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba su. Akwai abin da yaro ya ɗauko a halittarsa, akwai kuma abin da ya tsotsa a gida saboda ya buɗe ido ya ga ana yi, kayan aiki na kusa da shi, mai gyara masa kuskure yana zaune a gefensa. Mu da muke kallo daga waje ba mu da hanyar rarrabe su, sai mu tattara duka mu kira shi jini.

Abin da ya girgiza wannan tunani a zuciyata shi ne tarihin Vincent van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan da aka haifa a 1853, wanda a yau ake sayar da zanensa guda ɗaya a kan miliyoyin daloli, kuma ake kafa misali da shi idan ana maganar baiwa. Na karanta wasiƙun da ya rubuta wa ƙanensa Theo, waɗanda fiye da 600 daga cikinsu suna nan a adane, kuma mutumin da na tarar a cikinsu bai yi kama da wanda aka haifa da fensir a hannu ba. Bai yanke shawarar zama mai zane ba sai a 1880, yana da shekara 27, bayan ya gwada hanyoyi da dama sun ƙi. Ya yi aiki a kamfanin dillancin zane-zane tun yana ɗan shekara 16 har aka sallame shi a 1876, ya koyar a wata ƙaramar makaranta a Ingila, ya yi aiki a kantin littattafai, ya nemi karatun addinin Kirista bai kai ga gaci ba, ya yi wa'azi a tsakanin masu haƙar kwal a yankin Borinage na ƙasar Beljiyam har hukumar da ta tura shi ta janye masa goyon baya. A wannan hali na talauci da karayar zuciya ne ya ɗauki fensir da gaske.

Zanensa na farko-farko suna nan, kowa na iya duba su a intanet. Mutanen da ke cikinsu a sandare suke, gaɓoɓinsu ba su daidaita ba, ƙafafunsu kamar ba su taka ƙasa ba. Shi kansa ya san haka, don haka ya kama hanyar da kowane ɗan koyo ke bi. Ya ari darussan koyon zane na wani Bafaranshe mai suna Charles Bargue daga tsohon maigidansa na kamfani, shafuka 60 na siffofin jikin mutum da ake kwaikwaya da gawayi, ya zauna a ɗan ɗakinsa yana kwafarsu ɗaya bayan ɗaya tun safe har dare na kusan mako biyu. Da ya gama sai ya koma farko ya sake, daga baya ya kuma sakewa. Ya riƙa kwafar ayyukan Millet, mai zanen manoman Faransa, musamman hoton mai shuka, wanda ya yi ta komawa gare shi har ƙarshen rayuwarsa. A 1882, yana birnin Hague, da ya ga ƙa'idar nesa da kusa tana ba shi wahala, sai ya sa aka ƙera masa wani firam na katako da aka ɗaura wa zare a tsaye da a kwance da a karkace, ya riƙa kafa shi a gabansa yana leƙa fili ta cikinsa kamar taga, domin zaren ya nuna masa ainihin inda kowane abu yake. Wanda idonsa ya zo a shirye ba ya buƙatar irin wannan dabara.

A wata wasiƙa ta wannan shekarar ya tambayi kansa mene ne zane, ya amsa da cewa kutsawa ce ta cikin wata katangar ƙarfe da ba a gani, wadda ta tsaya tsakanin abin da mutum yake ji da abin da yake iyawa, kuma bugun ta da ƙarfi ba ya amfani, sai dai a riƙa cin ta da zarto a hankali cikin haƙuri. Ban taɓa karanta bayanin koyo da ya fi wannan dacewa da abin da 'yar ƙanwata take ciki ba. Ta ga butar, ta san yadda take so ta fito, hannunta ya ba ta wani abu daban, sai ta ɗauka katangar hukunci ce a kanta ita kaɗai, alhali duk wanda ya taɓa koyon zane ya ci karo da ita.

Ko bayan shekara biyar yana wannan fama, ba a daina kushe hannunsa ba. Kafin ya yi shahararren zanensa na manoma masu cin dankali a 1885, ya shafe hunturu a ƙauyen Nuenen yana zana kawunan manoma da hannayensu, gommai a jere, don kawai ya shirya wa aiki ɗaya. Duk da haka abokinsa Anthon van Rappard, wanda shi ma mai zane ne, ya rubuto masa suka mai zafi a kan yadda gaɓoɓin mutanen suka ƙi daidaita, har abotarsu ta yi sanyi. A farkon 1886 ya shiga makarantar koyon zane ta Antwerp, malaman suka duba aikinsa suka yanke cewa a mayar da shi ajin 'yan koyo, ko da yake kafin hukuncin ya fito ya riga ya wuce Paris. Shekara biyu kacal bayan wannan, a garin Arles na kudancin Faransa, ya riƙa yanko kara a bakin ruwa yana fiƙe shi ya zama alƙalami, kusan yadda almajiri ke fiƙe nasa, yana zana gonaki da duwatsu da ɗigo-ɗigo da gajerun layuka, zanen da masana ke lissafawa cikin mafi kyau da aka yi a ƙarni na 19. Hannun da aka ce a mayar ajin farko shi ne ya yi su. Cikin shekara 10 ya bar ayyuka fiye da 2,000, fiye da 1,000 daga ciki zanen fensir da alƙalami da gawayi ne, kuma idan aka raba wannan adadi a kan kwanaki za a ga mutumin da kusan bai taɓa ajiye aiki ba.

Sai na kai shekara 34 na sayi littafin zane na fara koyo da kaina, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gano cewa matsalar ba a hannu take ba. Hannun da ya iya rubuta wasiƙa, ya iya zura zare a allura, yana da duk natsuwar da zane ke bukata. Matsalar a ido take, ko in ce a tsakanin ido da ƙwaƙwalwa. Ka ajiye kofin shayi a kan tebur ka zauna ka zana shi. Ƙwaƙwalwarka ta san bakin kofi zagayayye ne, don haka za ta tura hannunka ya yi da'ira, alhali abin da idonka ke gani daga inda kake zaune siffa ce shimfiɗaɗɗiya kamar ƙwai kwance, wani lokaci ma siririya ƙwarai. Haka fuskar mutum: kusan duk ɗan koyo yana ɗora idanu can sama kusa da gashi, domin hankalinmu a kan ido da hanci da baki yake, mun manta da goshi da ƙoƙon kai, alhali idan ka auna za ka ga idanu a tsakiyar tsayin kai suke. A 1997 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Dale Cohen da Susan Bennett, sun gwada manya da ba su koyi zane ba domin su gano inda kuskurensu ke fitowa, suka samu cewa sarrafa hannu ba shi ne babban cikas ba, domin mutanen sun iya bin layi idan aka ɗora musu takarda a kan hoto, babban cikas shi ne rashin ganin abin yadda yake. Gani kuwa ana koyonsa. Ana miƙa hannu da fensir a rufe ido ɗaya a auna tsayi da faɗi, ana duba sararin da ke tsakanin mariƙin buta da cikinta a zana shi a matsayin siffa mai zaman kanta, ana kifa hoto a kwafe shi a kife domin ƙwaƙwalwa ta daina sanar da hannu abin da ta riga ta sani. Wata uku ina wannan kullum bayan sallar asuba, minti 20 zuwa 30, kafin na zana butar da matata ta kalla ta ce, "Ai wannan tamu ce, ga ma inda ta lotsa."

Ba zan ce babu baiwa ba, domin faɗin haka musun abin da ido ke gani ne. A Ingila akwai Stephen Wiltshire, wanda ake zagayawa da shi a jirgi mai saukar ungulu a saman babban birni, ya sauko ya zana birnin da ka, gini bayan gini, a kan takarda mai tsawon mitoci. Babu yawan motsa hannu da zai kai yawancinmu wannan matsayi. Pablo Picasso ya samu shiga makarantar zane ta Barcelona yana ɗan shekara 13, a tsakanin ɗaliban da suka girme shi nesa ba kusa ba, ko da yake a nan ma bai kamata a manta ba cewa mahaifinsa malamin zane ne, shi ya fara koya masa tun yana ƙarami. A cikin yara 10 da za a ba darasi ɗaya, wani zai kama a mako guda, wani sai ya yi wata biyu, kuma na ga wannan da idona. Shi kansa Van Gogh ba daga sama ya faɗo ba: mahaifiyarsa tana zane don nishaɗi, baffanninsa dillalan zane ne, kuma shekara bakwai da ya yi a kamfanin dillancin zane-zane yana jujjuya ayyukan gwanaye sun cika masa ido tun kafin hannunsa ya fara. Yadda yake ganin launi, da ƙarfin da ke cikin layinsa, abu ne da wani zai kwafi darussan Bargue sau 100 bai same shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki wannan bambanci, wanda ke bayyana a can ƙololuwa tsakanin gwani da gwanin gwanaye, a kawo shi bakin ƙofa a tare yaro da shi tun bai shiga ba.

Mu da muka yi makarantar allo muna da hujja a hannunmu da muke mantawa da ita. Babu malamin da ya taɓa duban yaro ya ce wannan ba shi da baiwar rubutu, a ƙyale shi. Malam ko gardi zai rubuta masa, ya karanta, ya wanke, a sake rubuta masa, har ranar da za a ba shi alƙalami da tawada ya fara kwaikwaya, haruffansa a karkace, tawada na ɗiga, layi na gangarowa ƙasa. Yau da gobe sai hannu ya faɗa. Haruffan nan kuwa siffofi ne masu lanƙwasa da awo, fitar da su daidai zane ne ta kowace fuska. A ƙarshe kowa yana iya rubutun da za a karanta, sannan a cikin ɗari a samu 'yan kaɗan da rubutunsu ke tsayar da mai wucewa, waɗanda ake nema su yi zayyanar allon sauka ko su rubuta Alƙur'ani sukutum. Mun yarda da fifikon waɗannan ba tare da mun hana sauran riƙe alƙalami ba. Ban ga dalilin da zai sa a yi wa zanen buta wani hukunci daban ba.

Akwai kuma masu ganin cewa jingina ƙwarewa ga ƙwazo kamar rage wa Mai bayarwa ne. Ni ban ga karo a nan ba. Lafiyar ido, da tsawon rai, da haƙurin zama a kan abu ɗaya, da son abin da ke sa mutum ya koma kansa bayan ya kasa sau 50, duk daga Allah suke, kamar yadda manomi ke gode wa Allah a kan amfanin gona ba tare da ya ajiye fartanya ba. Idan ma za a tambaye ni wace baiwa ce na fi gani ƙarara a rayuwar Van Gogh, zan ce wannan son ne da ba ya gajiya, wanda ya zaunar da mutum mai shekara 27 yana kwafar darasin yara ba tare da jin kunya ba. Kuma naci ma yana buƙatar mai tallafa masa. Theo ne ya riƙa aiko masa kuɗin abinci da takarda da fenti wata bayan wata har shekara 10, ba don haka ba da yunwa ta raba shi da fensir tun a shekarar farko. Ina yawan tuna yaran da ke zane da tsinke a kan rairayi ko da gawayi a jikin katanga, waɗanda ba a taɓa saya musu littafin zane ba, sau da yawa ma tsawa suke sha don sun ɓata bango. Idan suka bari, sai mu ce dama ba su da baiwa.

Wani abu ɗaya daga ƙarshen rayuwar Van Gogh ya fi komai zama a raina. A 1890, yana ƙauyen Auvers kusa da Paris, makonni kaɗan kafin rasuwarsa yana da shekara 37, a lokacin da yake kammala zanen fenti kusan ɗaya a kowace rana, bayan ya riga ya yi ayyukan da duniya ke tururuwar kallo a yau, ya rubuta wa Theo yana roƙon a aiko masa da darussan Bargue ɗin nan, waɗanda ya fara da su shekara 10 baya, domin yana jin cewa yana buƙatar ya sake nazarin awon jikin mutum. An aiko masa, ya zauna ya sake kwafa.

A yammacin da na fara ba da labari, na karɓi takardar da yarinyar ta dunƙule na warware ta a kan gwiwata. Na ce ta miƙa hannu da fensir, ta rufe ido ɗaya, ta gaya mini tsayin butar sau nawa ya ninka faɗinta. Ta auna ta ce bai kai sau biyu ba, ta dubi zanenta ta ga ta yi shi kusan sau uku, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ɗauko sabon shafi. Buta ta biyu ma ba ta yi kyau ba, hancinta ya yi tsawo, gindinta ya karkace, amma ta zauna a ƙasa kamar abin da zai riƙe ruwa. Ranar da za ta koma gida na ba ta littafin zane mai shafi 40 da fensir biyu, na ce kada ta yage ko shafi ɗaya, mai kyau da marar kyau, ta rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne. Makon jiya mahaifiyarta ta turo mini hoton shafi na 23 ta waya. Tukunya ce a kan murhu, bakinta a shimfiɗe kamar ƙwai kwance, har da inuwar marfin da aka jingine a gefe.